Riga Mai Lamba Sha Bakwai

Ni ba na shiga fili.
Aikina yana farawa in usur na ƙarshe ya yi shiru:
buhu biyu, riguna ashirin da uku,
sandar sabulu, da famfo a bayan masauki a Lautoka,
inda hayaƙin injin rake
ke ba iska ɗanɗanon mazarƙwaila.

Daga Vanuatu muka taso,
tsibirai barkatai cikin launi guda,
'yan mata ne, ba wadda ta cika ashirin.
Koci ya san su da gudu,
ni da dauɗa na san su.

Ta Leitare mai tsaron gida, taɓo daga kafaɗa har ƙugu,
kullum ta hagu, can take faɗuwa.
Ta Jenita 'yar Tanna wuya ya saki,
shi take cizo in alƙalin wasa ya kau da kai.
Ta Merelin akwai jini a hannu,
ta ce ba nata ba ne, ban ƙara tambaya ba.

Sai mai lamba sha bakwai.
Wasa huɗu tana dawo mini a ninke,
ƙamshin sabulun jiya bai sake ta ba.
Duk da haka nakan tsoma ta cikin 'yan'uwanta,
in shanya ta tsakiyar igiya,
kada Rolin ta leƙo ta taga
ta ga tata kaɗai ce ba ta ɗiga.

Rolin, da ta kwana biyu a jirgin dakon kwakwa
tun daga Ambae, amai har ba sauran na yi,
da takalmin ɗan kawunta
an cusa masa jarida don ya kama ƙafa.
Tabarma huɗu uwarta ta saƙa ta sayar.
A ƙauyensu an rataye rediyo a reshen mangwaro,
bai taɓa kiran sunanta ba.

Mun doke Tonga, mun yi kunnen doki da Samoa,
mun sha da ƙyar a na uku.
New Zealand ta zuba mana shida;
daren nan na wanke zufa da hawaye a baho ɗaya,
gishirinsu bai bambanta ba.

Ranar neman matsayi na uku, mu da masu gida,
sama ta ɓalle kamar da gayya,
fili ya koma fadamar gwaza.
Saura minti goma sha ɗaya
Jenita ta dafe cinya ta zauna,
allo ya tashi: sha bakwai.

Ba zan yi ƙarya ba, ba ta ci ƙwallo ba.
Sau huɗu ta taɓa ta, na ƙirga da yatsa.
Ɗaya ta ba abokiyar gaba,
biyu ta aika waje,
ta huɗun tana gangarawa raga, Leitare na kwance,
sai ga yarinya ta sulalo rub-da-ciki
ta ture ta a kan farin layi da goshi.
An dai ci mu biyu da ɗaya.

Da dare kowa ta jefo tata a buhu.
Ita ta zo da tata a rungume,
lambar ma ba ta karantuwa.
"Anti," ta ce, "kar ki wanke."

Ƙa'ida ce, ashirin da uku zan mayar, fes.
Na ɗauki biro na rubuta:
ashirin da biyu, ɗaya iska ta ɗauke daga igiya.
A cire a albashina.

Yanzu tana bisa teku,
laka ta bushe a leda ƙarƙashin kanta,
za ta shimfiɗa ta gindin mangwaro
ta ce da rediyon: duba.